Tarihin Neman Maganin Kare Hanta daga Gubar Ƙarafa Masu Nauyi a Cikin Tsirrai

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba mujallun kimiyya da jami'o'inmu ke bugawa, ba zai rasa cin karo da wani irin bincike wanda ya zama ruwan dare tun daga wajen shekara ta 2000 ba. Yadda ake gudanar da shi kusan iri ɗaya ne. A samo ɓerayen gwaji a kasa su rukuni-rukuni, a ɗura wa wasu dalma ko zaiba ko kadmiyom, wasu kuma a haɗa musu gubar da tsimin zogale ko shuwaka ko tafarnuwa, bayan 'yan makonni a auna jininsu a dubi hantarsu. Galibi sakamakon da ake bayarwa shi ne tsimin ya kare hanta. Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bi sawun wannan bincike mu ga inda ya samo asali. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa igiyoyi biyu ne aka tufka, watau tarihin maganin hanta da tarihin gubar ƙarfe, kuma kowannensu ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiyarsa shi kaɗai kafin su haɗu a ɗakin gwaji cikin ƙarni na 20. Sanin yadda aka yi suka haɗu shi zai taimake mu auna nauyin abin da ake faɗa mana a yau.

In mun ce ƙarafa masu nauyi, muna nufin dalma da zaiba da kadmiyom da arsenik, sa'an nan da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, waɗanda jiki ke bukatar kaɗan daga cikinsu amma suke zama guba in sun taru.

Hanta da ganyayenta wajen magabata

Likitocin Yunan, musamman Jalinus, sun ɗauka cewa a hanta ake ƙera jini daga abinci, kuma wannan ra'ayi ne malaman tibbu na Musulunci suka gada suka faɗaɗa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da littattafansu suka cika da magungunan buɗe hanta da sanyaya ta. Ibn Sina (980-1037) har risala guda ya rubuta a kan ganyen hindiba, wanda ake ba mai ciwon hanta. A ƙasar Hausa ma shawara tsohuwar cuta ce mai tsofaffin magunguna, kuma saiwar rawaya tana cikin sanannun abubuwan da ake jiƙa wa mai ita. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, ya adana mana da yawa daga cikin irin wannan sani.

Amma tsiron da ya fi kowanne tasiri a kan tarihin da muke bi ba namu ba ne. Wata ƙaya ce da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, mai fure ja-ja da ganye mai ratsin fari, wadda Larabawa da Turawa ke jingina sunanta ga Nana Maryamu, masana tsirrai kuwa suna ce mata Silybum marianum. A nan za mu kira ta ƙayar Maryam. Pliny na Rum, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci cewa ruwanta in an gauraya da zuma yana fitar da ɗacin matsarmama. Culpeper na Ingila, a tsakiyar ƙarni na 17, ya yabe ta wajen buɗe toshewar hanta da saifa da kuma maganin shawara. Cikin ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rademacher (1772-1850), ya jiƙa 'ya'yanta ya yi tsimi wanda ya daɗe ana sayarwa da sunansa. Abin lura a nan shi ne ciwon da duk waɗannan mutane suke nufi, watau shawara da kumburin ciki da toshewar matsarmama, cututtukan da ido ke gani.

Gubar ƙarfe da gaɓoɓin da take kamawa

Igiya ta biyu ita ma tsohuwa ce. Nikanda, wani masanin Yunan na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya siffanta halin wanda ya sha farar dalma. An ruwaito cewa Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu a 925, ya shayar da biri zaiba don ya ga abin da za ta yi masa, kuma wannan yana cikin gwaje-gwajen farko da aka yi a kan dabba. A 1767 George Baker ya nuna cewa murɗar cikin da ta addabi mutanen Devon a Ingila daga dalmar da ke cikin kayan matse tuffa take. Sai dai aikin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne na Tanquerel des Planches, wanda a 1839 ya buga bayanin majinyata fiye da 1,200 da ya duba a wani asibitin Faris. Ya kasa ciwon dalma gida huɗu: murɗar ciki, da ciwon gaɓoɓi, da shanyewar jiki, da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Hanta ba ta cikin huɗun nan.

Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da aka gano bayansa bai rushe ta ba. Dalma ƙwaƙwalwa take kamawa da jijiyoyi da jini da ƙoda. Zaiba, kamar yadda aka gani a Minamata ta ƙasar Japan daga 1956, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa take lalatawa. Kadmiyom kuwa, wanda ya gurɓata kogin Jinzu a lardin Toyama har gwamnatin Japan ta amince a 1968 cewa shi ne sanadin cutar itai-itai, ƙoda da ƙashi yake ci. Ba muna cewa waɗannan ƙarafa ba sa taɓa hanta ba ne, domin mafi yawan abin da hanji ya tsotsa ta hanta yake fara bi, kuma in gubar ta yi yawa lalle ana ganin alamarta a can. Abin da muke cewa shi ne ba ta nan suke kashe mutum ko nakasa shi ba.

Ƙarafan da hanta ce babbar abin harinsu daban suke. Akwai jan ƙarfe, wanda ke taruwa a hantar masu cutar gado da Kinnier Wilson ya siffanta a 1912, wanda kuma aka gano a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 cewa yana da hannu cikin ƙandarewar hantar jarirai a Indiya, inda ake dafa musu madara a tukwanen tagulla. Akwai baƙin ƙarfe, wanda Strachan ya ba da labarin taruwarsa a jikin baƙaƙen Afirka ta Kudu a 1929, daga baya aka danganta shi da giyar da ake dafawa a tukwane da gangunan ƙarfe. Akwai kuma arsenik, wanda aka ga yana kumbura hanta yana taurara jijiyoyinta a wajen masu shan ruwan rijiyoyin burtsatse a Bengal ta Yamma da Bangaladash.

Dangane da magani, an daɗe ana lalube. A masana'antun Turai an yi zamanin da ake raba wa ma'aikatan dalma madara kullum, kamar dai yadda mu ma a nan ake gaggauta ba wanda ya sha guba madara ko manja. Magani na haƙiƙa bai samu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940, a jami'ar Oxford, Rudolph Peters da abokan aikinsa suka haɗa wani sinadari da ake kira BAL don maganin iskar yaƙi mai arsenik, daga baya aka ga yana amfani a kan wasu ƙarafan. A farkon shekarun 1950 aka fara ba masu gubar dalma EDTA. A 1956 John Walshe ya gwada fenisilamin a kan masu cutar Wilson ya ga yana fitar da jan ƙarfe ta fitsari. Sa'an nan ga DMSA, wanda masanan ƙasar Sin da na Rasha suka yi aiki a kansa tun shekarun 1950, Amurka kuma ta yarda a ba yara shi a 1991. Duk waɗannan aikinsu ɗaya ne: su damƙe ƙarfen kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu, su fita da shi daga jiki. Daga kalmar Yunananci ta hannun ƙaguwa ma aka samo sunan da ake kiransu da shi. Ko ɗaya a cikinsu bai fito daga ganye ba, ko da yake fenisilamin daga fenisilin aka fara samunsa, shi kuwa daga fumfuna.

Inda igiyoyin suka haɗu

Abubuwa uku ne suka haɗa tarihin nan biyu, kuma babu ruwan biyun farko da ƙarfe.

Na farko wani ruwa ne mai suna kabon tetarakulorayid, wanda a da ake wankin tufafi da kashe gobara da shi. A 1921 Maurice Hall ya gabatar da shi a matsayin maganin tsutsar ciki, aka shayar da ɗimbin mutane a ƙasashe masu zafi, ba a daɗe ba aka lura yana lalata hantar wasu. Abin da ya zama hasara ga majinyata sai ya zama riba ga masu bincike, domin sun sami hanya mai arha ta jawo wa ɓera ciwon hanta a duk ranar da suka so. A 1936 Cameron da Karunaratne suka bayyana yadda ake ƙandarar da hantar ɓera da shi. Na biyu shi ne awon jini. A tsakiyar shekarun 1950 aka gano cewa in ƙwayoyin hanta sun fashe, wasu sinadarai da ke cikinsu, waɗanda a yau ake taƙaita sunansu da ALT da AST, suna tsiyayowa cikin jini, ana kuma iya auna yawansu. Daga nan "kare hanta" ya sami sabuwar ma'ana wadda Culpeper bai san ta ba, watau lambar ALT ta rukunin da aka ba tsimi ta yi ƙasa da ta rukunin da ba a ba shi ba.

Da waɗannan kayan aiki ne Jamusawa suka koma kan ƙayar Maryam. A 1968, a birnin Munich, Hildebert Wagner da abokan aikinsa suka ware sinadarin da ke cikin 'ya'yanta wanda aka sa wa suna silimarin, kamfanin Madaus kuma ya sayar da shi da sunan Legalon. An nuna yana kare hantar dabbobi daga kabon tetarakulorayid da kuma dafin wata laimar kwaɗi mai kisa da ake kira Amanita phalloides. A kan wannan dafi ne ma ya fi yin suna, har asibitocin Turai suka riƙa yi wa waɗanda suka ci laimar allurar silibinin, babban ɓangaren silimarin, tun shekarun 1980. Dalilin aikinsa a nan sananne ne: yana toshe ƙofar da dafin ke bi ya shiga ƙwayar hanta. Wasu ƙasashe ma ba a bar su a baya ba. Kamfanin Himalaya na Indiya ya fitar da Liv.52 tun 1955, cikin haɗinsa kuwa har da hindibar nan ta Ibn Sina. A Nijeriya, Maurice Iwu na jami'ar Nsukka ya ware kolabiron daga namijin goro cikin shekarun 1980, ya kuma gwada shi ta irin hanyar da aka gwada silimarin.

Abu na uku shi ne ya jawo ƙarfe cikin maganar. A 1966 Recknagel a Amurka da Slater a Ingila, kowa a nasa gefen, suka bayyana cewa kabon tetarakulorayid yana ɓarnarsa ne ta hanyar rikiɗewa zuwa wasu gutsattsarin sinadari marasa natsuwa, masu cin kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta, kamar yadda tsatsa ke cin garma ko yadda man gyaɗa ke ɓaci in ya daɗe a buɗe. Bari mu kira wannan tsatsar ƙwayoyin jiki. Sannu a hankali aka gano dalma da kadmiyom da zaiba da arsenik su ma suna haddasa wannan tsatsa, suna kuma cinye gulutatayon, sinadarin da hanta ke kare kanta da shi. To, kusan kowane ganye da kowane ɗan itace yana ɗauke da sinadarai masu hana tsatsa. Ke nan ƙofa ta buɗe. Sai a cire kabon tetarakulorayid a sa dalma a madadinsa, a cire silimarin a sa zogale, sauran tsarin gwajin yana nan yadda aka gada. Bincike ne mai arha wanda ɗalibi zai iya kammalawa cikin zango guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana yawansa a jami'o'in Nijeriya da Masar da Indiya da Iran. Ba laifi ba ne a koyar da ɗalibi da shi. Amma a lura cewa a yawancin irin wannan gwaji, kafin gubar ko tare da ita ake ba ɓera tsimin, alhali kuwa mutum sai gubar ta riga ta zauna a ƙashinsa yake zuwa asibiti.

Abin da aka gani a jikin mutane

Silimarin shi ne zakaran gwajin dafi, domin ya fi kowane tsimi samun bincike a kan mutane. A 1989 Ferenci da abokan aikinsa a Vienna suka ba da rahoton majinyata 170 masu ƙandarewar hanta, inda kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka ba silimarin suka kai shekara huɗu a raye, sauran kuwa kashi 39. Wannan ya faranta wa mutane rai. Amma a 1998 Parés da abokan aikinsa a Sifen suka maimaita gwajin da mutum 200 ba su ga bambanci ba, a 2012 kuma wani gwaji a Amurka da mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C ya nuna ko lambar ALT ɗin bai saukar ba. In haka abin ya kasance ga tsiron da aka fi sani, to a yi hattara da waɗanda ɓera kaɗai ya shaide su.

Ta fuskar ƙarfe kuwa akwai abubuwa biyu da suka cancanci ambato. A 1975 Disler da abokan aikinsa a Johannesburg suka nuna shan baƙin shayi tare da abinci yana rage baƙin ƙarfen da hanji ke tsotsa, an kuma yi amfani da wannan wajen shawartar masu cutar taruwar ƙarfe. A 2012, a birnin Mashhad na Iran, aka gwada ƙwayar tafarnuwa da fenisilamin a kan ma'aikatan kamfanin batir 117 har mako huɗu, dalmar jini ta sauka a duka rukunan biyu, tafarnuwa kuma ta fi ƙarancin illa. Sai dai manya ne masu matsakaiciyar guba, gwajin kuma gajere ne. Saukar lamba ma ba ita ce warkewa ba. A 2001 an buga sakamakon gwajin DMSA a kan yara 780 a Amurka masu matsakaiciyar dalma a jini, maganin ya saukar da dalmar amma bai ƙara musu kaifin basira ba.

Zamfara, 2010

Wannan tarihi ba na nesa ba ne gare mu. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mutuwar yara ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Dalili shi ne dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, mafi yawansu da jijjiga kafin mutuwa. Jimlar waɗanda suka rasu ta wuce 400. Jijjigar nan ita ce taɓuwar ƙwaƙwalwar da Tanquerel ya siffanta shekara 171 kafin nan.

Abin da ya tsai da mutuwar abu biyu ne: kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013, da kuma ba yara DMSA, wanda aka rubuta bayanin zagaye 3,180 na shansa a kan yara 1,156. Da an sami tsimin da ke kare hantar yaran nan ɗari bisa ɗari, da bai hana ƙwaƙwalwarsu kumbura ba. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, kuma hanyar nan guda aka sake bi. Haɗarin da muke hange shi ne kanun labarin da ke cewa zogale maganin gubar dalma ne ya isa kunnen mahaifi a ƙauye, ya zauna yana jiƙa wa ɗansa ganye a cikin gidan da ƙurar take.

Akwai kuma wani gefen da ba a cika faɗa ba, watau maganin gargajiya shi kansa yakan zo da ƙarfen. A 2004 Saper da abokan aikinsa suka sayi magungunan gargajiya na Indiya guda 70 a shagunan Boston, suka sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. A 2019 masu bincike suka nuna cewa a Bangaladash ana shafa wa gangamau wani rini mai dalma don ya ƙara rawaya, alhali gangamau yana sahun gaba cikin tsirran da ake gwadawa don kare hanta daga dalma. Mu ma muna da namu. A 2011 aka sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da dalma a jini, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Kwallin da kakanninmu ke ranganɗa wa jarirai don lafiyar ido, yawancinsa dutsen dalma ne aka niƙa.

Inda muke ganin tsirranmu suna da abin cewa a wannan fage shi ne hanji, kamar yadda gwajin shayi ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa, an kuma san cewa yunwa da ƙarancin baƙin ƙarfe da sinadarin kalsiyam a jiki suna ƙara wannan tsotsa, domin dalma ta ƙofar da aka tanadar musu take shiga. Ganyen zogale da na kuka suna da kalsiyam mai yawa, kuma abinci ne da uwa ta riga ta san yadda za ta sarrafa. Gwajin da ya kamata sassan kimiyyar magunguna na Zariya da Kano da Sakkwato su haɗa kai a kansa shi ne a ciyar da yaran garuruwan haƙar zinariya irin wannan abinci, bayan an share gidajensu, a riƙa auna dalmar jininsu da yawan jinin da kuma girmansu har shekara ɗaya ko biyu, a kuma auna garin ganyen kansa tun kafin a ba su, domin ganyen da aka shanya a tsakar gidan da ake dakan dutse shi ma yana kwasar ƙurar.